Dawar da Ba a Girbewa: Darasin Maharban Amurka ga Wurno, Rabah da Goronyo

A jihohin Kansas, Jojiya da Alabama na ƙasar Amurka akwai wani irin noma da manomin Wurno zai ɗauka ba'a ce idan aka ba shi labarinsa. Mutum zai share eka ɗaya ko biyu a gefen kurmi, ya kai ƙasar wurin a auna masa, ya zuba taki, ya shuka dawa, ya yi mata feshin ciyawa, sannan idan ta nuna ya bar ta a tsaye. Ba ya yanke zangarniya ko ɗaya, ba ya ɗaure dami. Barewar ƙasarsu mai farar wutsiya ya shuka wa, da kurciya, da talotalon daji, da wata 'yar tsuntsuwa dangin salwa. Idan lokacin farauta ya kama, sai ya zo da bindigarsa da takardar izini ya ɗauki iya abin da doka ta yarje masa, sauran kuma su ci dawar su fita sanyin hunturu da ƙibarsu.

Hotunan irin waɗannan gonaki sun cika YouTube da Facebook. Ba abin mamaki ba ne ɗan bokon Sakkwato da ya sayi 'yar gona a kan hanyar Wurno, wanda kuma ya tashi yana jin labarin barewa da gada a bakin dattawa, ya tambayi kansa: mu da muka gaji dawa kaka da kakanni, me ya hana mu yin haka? Tambaya ce mai kyau, kuma niyyar da ke bayanta ta fi kyau, domin dajin gabashin Sakkwato ya yi shiru irin wanda bai taɓa yi ba. Amma ra'ayina shi ne, wanda ya fara da shuka dawar ya fara daga ƙarshen aikin. A Amurka ma ba dawar ce ta dawo da barewa ba. A kwarin Rima kuwa, dawar da aka bari a tsaye tana da mai ita tun kafin ta nuna, kuma ba barewa ba ce.

Me ya sa dawa?

Dawa 'yar Afirka ce. Masu tonon tarihi sun sami alamun nomanta a gabashin Sudan, kusa da Kasala, tun kimanin shekara 5,000 da suka wuce, ba ta kuwa zama amfanin gona a Amurka ba sai a ƙarni na 19. Ko a cikin irin da suke shukawa yau akwai jinin tamu: a shekarun 1950 masana aikin gona na Amurka sun ɗebi ƙaura daga Arewacin Nijeriya saboda rawayar ƙwayarta, suka shigar da ita cikin aikinsu na haɗa iri. Har gobe Nijeriya da Amurka suna sahun farko na masu noman dawa a duniya. Bambancin shi ne, tan miliyan 6 zuwa 7 da muke nomawa a shekara tuwo ne da kunu da fura, nasu kuwa abincin dabbobi ne, da sinadarin da ake gauraya wa man mota, da kayan sayarwa ƙasar Sin.

Dalilan da suka sa maharbin Amurka ya zaɓe ta ba baƙi ba ne a wurin manominmu. Tana jure fari fiye da masara, kuma tana yi a ƙasar da ba ta da ƙarfi. Barewa ba ta cika damuwa da ganyenta ba tun tana ɗanya, sai ta fitar da kai, alhali waken suya idan aka shuka shi a ƙaramin fili dabbobin sukan cinye shi tun yana tsiro. Makiyayinmu ma ya san dawa ƙarama ba abin wasa ba ce: gyauron dawa, musamman wanda fari ya taɓa, yana iya kashe saniya, saboda wata guba da ke cikin sabon ganye. Sannan karanta yana tsayawa bayan ya bushe, ya riƙe zangarniya sama da ƙasa ko da ƙanƙara ta rufe fili, ya kuma ba tsuntsu wurin ɓuya daga shaho.

Akwai wani dalili da ya fi waɗannan jan hankali. Wasu irin dawa suna da bauri a ƙwayarsu, saboda sinadarin tanin, wato dangin abin nan da ke cikin bagaruwa wanda majeman Sakkwato suke jeme fatar jar akuya da shi. Tsuntsu ba ya son baurin tun ƙwaya tana ruwa-ruwa. Sai ta bushe, ta sha raɓa da sanyi, baurin ya ragu, sannan a fara ci. Don haka mai son abincin ya kai tsakiyar hunturu yakan nemi irin mai bauri da gangan. Shuka dawa ba don tuwo ba kuwa ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. Takanɗa don zaƙin karanta ake shuka ta, karan dafi kuma don jan rini na dukawa. Ba a nan gizo yake saƙa ba.

Abin da ke ƙarƙashin gonar

A wajajen shekarar 1900, barewar nan mai farar wutsiya ta kusa ƙarewa a Amurka. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne ba ta wuce 500,000 ba a faɗin ƙasar. Yau ana ƙiyasta ta kusan miliyan 30, har ta zama fitina ga masu mota da masu lambu. Tsakanin waɗannan lambobi biyu, abin da ya faru doka ce da kuɗi. An hana farautar kasuwa, wato harbin naman daji don sayarwa. An yanka wa kowace dabba lokacinta, 'yan makonni ko watanni a shekara, da adadin da mutum ɗaya zai ɗauka. A 1937 majalisar ƙasar ta yi dokar Pittman da Robertson, wadda ta karkatar da harajin bindigogin farauta da harsashi, kashi 11 cikin 100 a yau, zuwa asusun kula da namun daji, bisa sharaɗin kowace jiha ta daina taɓa kuɗin lasisin maharba don wata hidima dabam. Da wannan kuɗi aka ɗauki ma'aikatan gandun daji, aka sayi filaye, aka kamo dabbobi daga inda suka rage aka sake su inda suka ƙare. Dokar ta shiga har cikin ƙananan abubuwa: haramun ne ka zuba hatsi a ƙasa don ka jawo tsuntsaye masu ƙaura ka harbe su, amma halal ne ka yi harbi a gonar da aka shuka ta tsira.

Sai batun mallaka. Wanda ya shuka wa barewa dawa a Jojiya ya san cewa maƙwabcinsa ba zai tsallako da bindiga ba, in ya tsallako kuwa kotu ce za ta raba su. A Teksas masu filaye haya suke ba maharba, kuɗin da suke samu a wasu wurare ya fi na kiwon shanu. Gonar dawar, a taƙaice, ado ce da aka ɗora a kan gini mai tushe. Tana tara dabbar da take nan a wuri ɗaya don mai fili ya gan ta. Ba ta ƙirƙiro dabbar da babu.

Shaida mafi ƙarfi a kan haka ita ce salwar tasu. Duk da dubban gonakin dawa da gero da aka shuka dominta, ƙidayar tsuntsaye da ake yi kowace shekara tun 1966 ta nuna ta ragu da fiye da kashi 80 cikin 100. Masana namun daji na ƙasar sun daɗe suna faɗa wa maharba abin da ba su son ji: ba yunwa ce ke kashe ta ba. Ta rasa doguwar ciyawar da za ta yi sheƙa, da sarƙaƙiyar da za ta ɓuya, da ƙwarin da 'ya'yanta za su ci. A Ingila, binciken da Dick Potts ya fara a yankin Sussex a 1968 ya kai ga irin wannan sakamako game da makwarwar ƙasarsu: maganin feshi ya kashe ƙananan ciyayin cikin gona, ƙwarin da ke rayuwa a kansu suka tafi, 'yan tsakin makwarwa suka mutu a makonninsu na farko. Ɗan tsako ba ya cin hatsi da farko, ƙwaro yake ci. Duk wanda ya taɓa kiwon 'yan zabi yana nemo musu gara ya san wannan.

Mai dawar ya riga ya iso

Mu dawo gida. Madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka gama ginawa a 1984, an tsara ta ne ta riƙe ruwa mita miliyan 942 na murabba'in zurfi, kuma ita ce uwar noman rani na tsakiyar kwarin Rima. Wurno tana da nata tsohon shirin ban ruwa da ke dogara da madatsar Lugu. Albarkar wannan ruwa ita ce shinkafa da alkama da albasa da tafarnuwa a lokacin da tudu ya bushe ƙurmus. Amma ruwan da ba ya ƙafewa, da hatsi mai nuna a tsakiyar rani, da duhuwar bakin ruwa ta kwana, su ne abubuwa uku da jan-baki yake nema a duniya.

Jan-baki shi ne tsuntsun daji mafi yawa a doron ƙasa. Ana ƙiyasta shi kimanin biliyan ɗaya da rabi. Nauyinsa bai wuce giram 20 ba, yana kuma cin kusan giram 10 a yini. Garke mai tsuntsu miliyan biyu ke nan yana iya lashe tan 20 a rana ɗaya, buhu 200 mai kilo ɗari-ɗari. Sai mai karatu ya yi lissafin da kansa. Hekta ɗaya ta dawa a hannun manominmu tana ba da abin da bai wuce tan ɗaya da 'yan kai ba. Abincin yini ɗaya ke nan na tsuntsu 100,000. Garken da muka ambata zai gama da ita kafin hantsi ya dubi ludayi. Wanda ya bar dawa tsaye a gefen fadamar Goronyo don zabin daji, jan-baki ya yi wa walima, kuma idan an watse daga walimar gonar shinkafar maƙwabcinsa za a nufa. Yaran da ake hana makaranta su wuni kan gado suna kaɗa gwangwani da jifa da majajjawa ba za su gode masa ba.

Za a ce to a shuka mai baurin. A nan ma akwai abin lura. Wani bincike da aka buga a mujallar Nature Plants a 2019 ya bi taswirar irin dawa a Afirka, ya ga cewa mai bauri ta fi yawa a gabashi da kudancin nahiyar, inda barazanar jan-baki ta fi tsanani, Afirka ta Yamma kuwa marar bauri ta fi rinjaye. Farfara da ƙaura, waɗanda tuwonmu ya ginu a kansu, suna cikin masu daɗin. Mai bauri tana rage ɓarna ne idan tsuntsu yana da zaɓi. Idan babu wani abinci a kusa, yakan ci ta haka nan.

Kalmar zaɓi ita ce mabuɗin. Peter Ward, wanda ya yi nazarin jan-baki a yankin Tafkin Chadi na Nijeriya ya kuma buga sakamakonsa a 1965, ya nuna cewa ainihin abincinsa ƙananan 'ya'yan ciyawar daji ne, kuma su ya fi so. Gona yake faɗawa idan waɗannan suka yi ƙaranci. Ba na cewa barin ciyawa zai kore mana jan-baki. Tsuntsu ne mai ƙaura, yana ƙetare iyakar Nijar da Chadi ba tare da neman izinin kowa ba. Amma ƙasar da aka nome har bakin hanya, aka ƙone abin da ya rage, aka fesa wa sauran magani, ta bar masa teburi ɗaya tak, shi ne gonar talaka. Maganin da gwamnati ta saba kawowa kuwa, wato jirgin sama ya fesa gubar fenthion a wuraren kwanansu, ba ya tambayar sunan tsuntsu. Yana kashe shaho da mujiya da duk abin da ya ci gawar, yana kuma sauka a ƙasar da ake kiwo da kamun kifi. Wannan ma yana cikin dalilan shirun dajin, ko da yake ba a cika lissafa shi ba.

Gundumi

Idan ana maganar barewa a wannan yanki, Gundumi ake nufi, dajin nan da ya shimfiɗa tsakanin Rabah, Goronyo da Isa. A 1853 Bature matafiyi Heinrich Barth ya ratsa shi a kan hanyarsa ta zuwa wurin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, wanda yake zaune a Wurno, ribaɗin da mahaifinsa Muhammadu Bello ya kafa ya kuma rasu a cikinsa a 1837. Tafiyar kwana da yini suka yi ba hutawa, saboda rashin ruwa da tsoron harin Gobirawa. Abin baƙin ciki ne a ce bayan shekara 170 tsoro ya koma wannan daji, da wasu mutane da wasu makamai. Harin Tabanni a ƙasar Rabah a Yulin 2018, da na kasuwar Goronyo a Oktoban 2021 wanda ya ci rayuka fiye da 40, sun isa su tuna mana cewa babu ma'aikacin gandun daji da zai shiga Gundumi da littafin ƙidaya a yanzu.

Wani zai yi zaton tunda mutane sun ƙaurace wa dajin, namun dawa sun sami sararin hayayyafa. Ban yarda da wannan zato ba. Dajin da ɗaruruwan masu bindiga suke kwana a ciki, da garkunan shanun sata, ba mafaka ba ce ga dabbar da ake ci. Barewarmu mai jan goshi, wadda ƙungiyar kare halittu ta duniya ta sa a jerin masu fuskantar barazana, ɗa ɗaya take haifa bayan cikin wata shida. Dabba mai irin wannan jinkirin haihuwa ba ta jure bindiga mai sarrafa kanta.

A wajen dajin kuwa, al'adarmu game da naman daji a bayyane take: na wanda ya fara kai masa hannu ne. Da zarar an kwashe amfanin gona, fili ya zama na kowa. Gayyar farauta ta rani, da karnuka da gora da motar ɗaukar kaya, ba ta san iyakar gonar wani ba, kuma sau da yawa wuta ce ke tafe a gabanta don a fito da zomo da gafiya. Mutumin da ya shuka dawa ya tara zabi a wuri ɗaya a irin wannan hali ya sauƙaƙa wa gayya aiki ne kurum. Ba laifin maharba nake gani ba. Sana'a ce mai tsari da sarauta da ladubba, kuma su ne suka fi kowa jin raɗaɗin ƙarewar dajin. Maharba 16 da aka kashe a Uromi ta jihar Edo a Maris na 2025 suna kan hanyarsu ce ta komawa Kano daga kudu mai nisa. Zaluncin da aka yi musu abu ne dabam, amma ya kamata mu tambayi kanmu abin da ya sa maharbin Arewa yake tafiyar ɗaruruwan kilomita kafin ya sami abin harbi.

Doka kuwa muna da ita a takarda. Dokar Namun Daji ta Jihar Arewa ta 1963 an yi ta ne a zamanin gwamnatin Sardauna, wanda shi kansa ɗan Rabah ne, haka ma dokar keɓe makiyaya ta 1965. Akwai ta tarayya ta 1985 a kan halittu masu fuskantar ƙarewa, wadda aka yi wa gyara a 2016. Abin da ba mu da shi shi ne asusun da ba a taɓawa, da mutumin da zai tsaya a bakin daji ya ce yau ba a shiga, a kuma ji maganarsa.

Inda za a fara

Irin wannan mutum muna da shi a ruwa. A Argungu, ƙasan wannan kogi namu, an san cewa Matan Fada ba a taɓa shi sai ranar da aka buɗe, kuma Sarkin Ruwa da masunta ne suke tsare wannan hani, ba ɗan sanda ba. Manyan kifayen da ake ɗagawa a gaban kyamara ranar biki amfanin wata goma sha ɗaya ne na haƙuri. Ƙauyuka da yawa a fadamun Rima suna da tafkunan da ake yi wa irin wannan hani sai ranar su. Abin da ya rage shi ne a fito da wannan hikima daga ruwa zuwa tudu, a ɗora ta a wuyan Sarkin Baka da mutanensa, da goyon bayan hakimi.

Addini ma bai bar mu hannu sake ba. Fiƙihu ya san hima, wato filin da shugaba yake keɓewa don amfanin jama'a, Malikawa kuma sun gindaya masa sharuɗɗa masu hankali: shugaba ne zai keɓe, a kan buƙata, ya zama kaɗan, a wurin da ba gonar kowa ba ce, kada kuma ya ƙuntata wa mutane. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya tattauna hukuncin matattun filaye da harami da hima a littafinsa Ta'alimur Radi. Gaskiya ne asalin hima don kiwo aka yi shi, faɗaɗa shi ya haɗa da namun daji kuwa aikin malamai ne su duba. Amma hana farauta da saran itace a haramin Madina sananne ne, haka ma hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito mai nuna cewa manomi yana da ladan sadaka a kan abin da tsuntsu ko dabba suka ci daga shukarsa. Manomin da jan-baki ya yi wa kaca-kaca ba zai so a karanta masa wannan hadisi a ranar ba, na sani.

Shawarata ita ce a ajiye maganar barewa tukuna, a fara da zabon daji da fakara. Zabuwa tana kwanciya a kan ƙwai goma ko fiye, ta ƙyanƙyashe cikin kwana 26 zuwa 28. Idan aka bar ta damina biyu ko uku, ido zai ga bambanci, mutane kuwa abin da suka gani suke gaskatawa. Ba ta buƙatar daji mai faɗin Gundumi. Gefen gona da bakin rafi da tsohuwar saura sun ishe ta, muddin akwai abin ɓuya. Buƙatunta ƙanana ne, kuma kusan duk hani ne, ba kashe kuɗi ba. A bar zirin gamba da ƙyasuwa a iyakokin gonaki, kada a yi masa feshi. A bar sabara da kalgo da geza su tofo daga kututturensu. A hana ɗibar ƙwai da harbi daga faɗuwar ruwa har a kwashe kaka. A hana wutar farauta a cikin yankin da aka keɓe.

Barin kututture ya tofo ba ra'ayin littafi ba ne. A jihar Maraɗi, maƙwabciyarmu, sassaben zamani da aka fara yaɗawa a 1983 ya kai ga farfaɗo da itatuwa kimanin miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, kuma Hausawa manoman gero ne suka yi shi da adda, ba injiniyoyi ba. Abin da ya sa ya kama shi ne manomi ya tabbata itacen da ya raina nasa ne, ba na ma'aikacin gandun daji ba. A Kure kuma, kusa da Yamai, raƙuman dawa da suka rage 49 a 1996 sun haura 600 cikin shekara ashirin da 'yan kai, suna yawo a cikin gonakin mutane suna cin wake, saboda an hana kashe su an kuma sa ƙauyukan sun ga amfanin zamansu. A 2018 har an ɗebi wasu an kai gandun Gadabeji a ƙasar Dakoro. Ba wanda ya shuka musu komai.

Bayan an yi wannan, dawa tana da gurbinta, ƙarami. Kunya biyu ko uku a gefen gonar tudu, nesa da fadamar shinkafa, a bar su da karansu a kwantar da su ƙasa bayan kaka, yadda mai tsincen ƙasa irin zabo zai samu a watannin bazara da abinci yake yankewa. Ko wannan ma sai an yi shawara, domin karan dawa a ƙasarmu ba shara ba ne: abincin dabba ne, danga ce, makamashi ne, kala kuma haƙƙin gajiyayyu ce tun kafin a haife mu. A shekarar da mudu ya gagari magidanci, ba ni da fuskar da zan ce wa talaka ya bar wa tsuntsu dami. Masu hali, irin masu karanta wannan wasiƙa da suke da gonaki a hanyar Wurno da Rabah, su ya kamata su ɗauki wannan ɓangare a filayensu.

Akwai ƙorafi biyu da ba zan raina ba. Na farko na tsaro ne: duhuwar da ke ɓoye zabo tana iya ɓoye mai bindiga, shi ya sa a Borno sojoji suka taɓa hana shuka dogayen amfanin gona kewaye da garuruwa. Amsar ita ce abin da ake nema a nan bai wuce gwiwa ko ƙugu ba, kuma a cikin gonakin da ke kusa da gari ne, ba a bakin hanyar Marnona zuwa Isa ba. In za a shuka dawa, gajera za a nema, Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru kuwa ta daɗe da fitar da irinta.

Na biyu ya fi nauyi. Duk zirin ciyawar da manomi ya bari, makiyayi abincin saniya yake gani, kuma yana da hujja, tunda burtalinsa aka nome. Idan aka keɓe fili da sunan tsuntsu ba tare da shi ba, an ƙara wa rikicin da ya riga ya ci yankin wani sabon dalili ne. Don haka Arɗo ya zauna a majalisar tun ranar farko, a kuma rubuta cewa hanin kiwo a zirin na watannin sheƙa ne kawai, bayan nan a yanki gamba a raba ko a buɗe wa dabbobi bisa tsari. Ciyawar da aka hana wa wuta ta fi wadda aka ƙone amfani ga saniya a watan Afrilu, wannan kuwa magana ce da Bafulatani zai riga kowa fahimta. Ƙauye ɗaya a kowace ƙaramar hukuma ya isa gwaji, ɗaliban sashen gandun daji na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo su ƙirga garkunan zabi da asuba kafin a fara, su sake ƙirgawa bayan damina ta uku, a karanta lambobin biyu a ƙofar fadar hakimi a gaban maharba da makiyaya.